Fuska a Jikin Kofi

Ba maƙiyi ne ya tona min asiri ba. Ni da hannuna na manna shi a shafi na goma sha ɗaya na fayil ɗin darasina, na shafe shi da gam ta kowane gefe don kar ya ɓalle, sannan na ɗauka na kai wa Mataimaki ya sa hannu.

Wata uku aka turo ni wannan firamare aikin gwajin koyarwa, kuma duk darasin da zan shiga aji da shi sai Mataimakin Hedimasta ya duba. Aji huɗu aka ba ni, yara hamsin da biyu, littafin karatu goma sha uku. Da na ga haka sai na koma yawo da 'yar kyamarata in an tashi, ina ɗaukar duk abin da idona ya tsinta a unguwa: famfon da ya shekara bai zubo ruwa ba, tsohon keken ɗinki na hannu, ƙofar da aka ƙera da murfin duro. In kai a wanke, in manna a allo, yara su rubuta abin da suka gani. Har suna suka sa min, Malama Ƙyas, saboda ƙarar kyamarar.

Ranar Talata, saura darasi ɗaya a tashi, aka ce Mataimaki na kirana.

Na same shi zaune, fanka na kaɗa takardun teburinsa, fayil ɗina a buɗe. A hannunsa akwai gilashin ƙara girman nan na akwatin kimiyya, wanda ba ya barin kowa ya taɓa.

"Zauna, Malama."

"Ina da aji, Yallaɓai."

"Ajin zai jira. Wannan hoton, a ina kika ɗauke shi?"

"A wurin ɗan gwangwan, cikin tulin ƙarafa. Kofin gasar karatu ne, darasin kuma kan tarihin unguwa ne."

"Na san kofin," in ji shi. "Ina aji shida muka ciwo shi. Ni na riƙe kunne ɗaya, Babanki ya riƙe ɗaya. Ba kofin nake tambaya ba. Wane ne wannan a jikinsa?"

Ya miƙo min gilashin. Na sunkuya.

Na kafa shi a kan hoton.

A tumbin kofin, ƙasan rubutun, ga mutum nan ya lanƙwashe kamar yadda fuska ke yi a bayan cokali. Dogo ne, ya ware hannuwa yana riƙe da farin ƙyalle. Gefensa ga ni, kyamara ta rufe min rabin fuska, amma mayafin nan nawa ruwan toka duk malaman makarantar sun san shi. A kusurwar ƙasa kuma kyamarar ta buga kwanan wata da jajayen lambobi, kamar yadda ta saba ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Sati biyu da suka wuce.

Sai wanda ya san gidanmu zai gane dalilin da ya sa hoton nan ya zama min masifa.

Shekara shida baya, Baba yana hedimasta a wata makaranta, iska ta yaye rufin ajujuwa uku. Ya rubuta takarda sama har ya gaji, ba amsa. Sai ya kwashe yara ya koma da su gindin bishiya. Lokacin wani saurayi da ake kira Dogo yana koyon ɗaukar hoto, ya zo wucewa ya ga dattijo tsaye da alli, yara a ƙasa, sai tausayi ya kama shi ya ɗauka ya kai wa wata jarida, wai don a kawo agaji. Hoton ya zaga ko'ina. Manya suka ji kunya, suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, suka samu Baba. Saura shekara biyu ya yi ritaya cikin mutunci aka sallame shi. Daga baya makarantar ma aka rufe ta, kayanta suka watse.

Tun ranar ba a shiga gidanmu da kyamara. Tawa a durowar aji take kwana.

Sai ga ni, duk mazan duniya na rasa wanda zan so sai Dogon nan. A shagon wankin hoto muka haɗu, inda yake aiki yanzu, kuma ban san shi ne ba sai da zuciyata ta yi nisan da ba ta jin kira. Ranar da Baba ya ji, kwana uku bai amsa gaisuwata ba. A na huɗu ya kira ni ya ce, "Wata ukun nan na aikinki, kar ki gan shi, kar ya gan ki. In kin cika, zan saurare ki." Na rantse masa. Duk ƙarshen sati sai ya ɗago daga rediyonsa ya ce, "Auta, muna nan kan magana?" In ce, "Muna nan, Baba."

Kuma wallahi muna nan, har ranar da na tsinci kofin.

Sunan Baba na gani an zana a jikinsa, cikin tsatsar ƙarafa da tsofaffin tukwane. Na roƙi ɗan gwangwan ya sayar min, ya ce an riga an auna tulin gaba ɗaya, da safe mota za ta kwashe. Na ce to ko hoto in samu. Sau goma ina ɗauka, sau goma ba abin da ke fitowa sai ƙyallin rana. Mutum ɗaya na sani da ya iya ɗaukar abu mai sheƙi. Na kira shi.

Kwata ɗin awa ya yi, ko hannuna bai kalla ba. Ya tare rana da ƙyalle, har yana ce min, "Ki kula, abu mai sheƙi ɗan rahoto ne, duk wanda ya tsaya gabansa sai ya kai labarinsa." Na yi dariya, idona na kan sunan Baba. Kuma don kar in ƙara karya alkawari, wani shago daban na kai aka wanke hoton. Da wurinsa na kai, da kallo ɗaya zai yi masa ya yaga.

"Malama, ina jin ki," in ji Mataimaki.

Shekara guda ke nan yana zarya gidanmu da sunan gaishe da malaminsa. Kowa ya san ba gaisuwa ce ke cinye masa man babur ba. Umma kuwa in ta ji sallamarsa har mayafi take gyarawa.

"Don Allah, Yallaɓai," na ce. "Saura kwana tara. Kwana tara kawai wata ukun ya cika."

"Kwana tara ki cika alkawarin da kika riga kika karya?"

"Aiki ya taya ni. Wallahi aiki ne kawai."

"Mutumin da ya sa aka kori malamina, shi kika jera da shi a jikin kofin malamina." Ya buɗe durowa ya ciro reza. "Ke ko kunya ba ki ji ba?"

Ina kallo ya bi gefen shafin a hankali ya yanke shi, ya ninke biyu ya sa a aljihun gaban rigarsa. Na durƙusa. Ni da ban taɓa durƙusa wa wani namiji ba in ba Baba ba, sai ga gwiwoyina a kan simintin ofis.

"Ka rage min maki. Ka rubuta ban iya koyarwa ba, in maimaita shekara, na yarda. Amma kar ka kai masa. Hawan jini gare shi, ka sani."

Ya mayar da rezar cikin durowa. Sannan ya sassauta murya, kuma wannan sassaucin ya fi min tsawar ciwo.

"Akwai hanya ɗaya da takardar nan za ta mutu a aljihuna. Ki ce min in turo manyana."

Halina ne ya ci ni. Ina da baki, kuma bakin ba ya shawara da ni in ya tashi aiki. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa.

"Ko a ƙofar makaranta za ka manna shi, Yallaɓai, ba zan aure ka ba. Mutumin da zai nemi mace da reza, me zai yi mata in ta shiga gidansa?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Je ki ajinki."

Ban san abin da na koyar ba. Na rubuta kwanan wata a allo, na tsaya da alli a hannu, sai na ji tashin babur ɗinsa ta bayan taga. Na bi ƙarar da kunne har ta karya kwanar da ke zuwa unguwarmu. Yara hamsin da biyu suka yi tsit, abin da ban taɓa samu ba ko da bulala a hannu. Wata ta gaba ta ce, "Malama, alli ya shigar miki ido ne?" Na ce e, shi ne.

Ana kaɗa ƙararrawa na ciro waya. Na rubuta wa Dogo: "Mun fito a jikin kofi. An kai wa Baba. Don girman Allah kar ka zo." Sai da saƙon ya tafi na tuna wanda na aika wa, mutumin da ba ya iya ganin matsala ya zauna.

A ƙofar gida na ga sawun tayar babur, shiga da fita. Ya zo har ya tafi.

Umma na tsaye a tsakar gida da tsintsiya, ba shara take ba. Yaya ma tana nan, da goyonta, ko mayafi ba ta cire ba. Wato har an buga mata waya ta taso daga gidan mijinta.

"Sannu da zuwa, 'yar jarida," in ji Yaya.

"Umma, ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Na gani da idona!" Umma ta yar da tsintsiyar. "Ke wace irin yarinya ce? Mutum ya kashe wa ubanki aiki, ya mayar da shi mai zaman rediyo, sannan ki je ki tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi kina washe baki?"

"Bai yi don ya cuce shi ba, Umma. Taimako ya nufa."

"Taimako! Shekara shida muna cin taimakonsa, mun ƙoshi."

Hawaye suka ɓalle min. Yaya ta kamo hannuna ta ja ni bakin kicin, ta rage murya.

"Auta, ki dawo hankalinki. Mataimaki mutum ne mai aiki, mai gida, ya san darajar Baba. Yanzu ma cewa ya yi shi bai fasa ba, duk da abin da ya gani. Wa zai yi miki haka? Ki shiga ki ce wa Baba kin tuba, kin yarda da shi, a rufe maganar nan yau."

"Yaya, ba na son sa."

"So ake ci? Ni da na auri wanda nake so, kin ga an kafa min tuta?"

"Ya ce in aure shi ya ɓoye hoton. Ciniki ya yi da ni, Yaya, a ofis, da rana tsaka."

Ta gyara goyo. "To ai ke kika ba shi kayan cinikin."

"Ni wallahi in ba Dogo ba, gara in tsufa a ɗakin Umma."

"Ba dai ɗakina ba," in ji Umma daga baya, ita ma kuka take. "Na roƙe ki, Auta, ki tausaya wa mutumin nan. Tun da aka kawo takardar bai ce uffan ba. Shayinsa na can ya huce. Da faɗa ya yi da hankalina ya kwanta."

Sai muka ji muryarsa daga ɗaki, ba ƙarfi.

"Ku turo min ita. Ita kaɗai."

Ɗakin Baba ƙarami ne: katifa, kujera ɗaya, da kantar littattafan da ya ƙi rabuwa da su. Rediyon a kashe. Yana zaune da tabarau a kan hanci, shafin fayil ɗina a shimfiɗe a cinyarsa, ya miƙe ninkin da tafin hannu. Na zube a gabansa.

"Baba, ka yafe min."

Bai ɗago ba. Yatsansa na bin rubutun da ke jikin kofin.

"Ina yake yanzu?"

"Wa, Baba?"

"Kofin."

"Mota ta kwashe. Na roƙa a sayar min, aka ce an riga an auna."

"An auna," ya maimaita. Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa labarin rasuwar da ya daɗe yana jira. "Hoton ya yi kyau. Har inda ya lotse ranar da ya faɗo daga kanta ya fito. Yaron ya iya aikinsa. Da ma ban taɓa cewa bai iya ba."

"Baba, don kai na ɗauka. Ban so sunanka ya tafi narka ba tare da..."

"Na yarda."

"Kwata ɗin awa ne kawai, wallahi ko zama ba mu yi ba."

"Wannan ma na yarda." Ya cire tabarau ya ajiye. "Auta, daga ranar da ke jikin takardar nan zuwa yau, sau nawa na tambaye ki ko muna nan kan magana?"

Na ƙirga a raina.

"Sau biyu, Baba."

"Me kika ce min?"

Kuka ya ci ƙarfina, na kifa kai a gefen katifa. Ya bar ni na yi mai isata, bai rarrashe ni ba, bai kuma tsawata ba.

"Da kin dawo ranar kin ce, Baba, na tsinci kofinka a bola, na rasa yadda zan yi na kira yaron nan, da na yi fushin kwana ɗaya na huce. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa dukan yaro don ya fasa tulu ba. Wanda ya fasa ya ce ba shi ba ne, shi nake duka."

"Na ji tsoro ne, Baba."

"Tsorona? Ni da nake goya ki a kekena in kai ki aji ɗaya?" Ya yi gyaran murya. "Kina tsammani na sa miki wata uku don in raba ku? Na san yaron bai nufe ni da sharri ba, na daɗe da sani. Zuciya ce dai ba ta karatu da sauri. Na ɗibar wa kaina wata uku in koya mata ganin fuskarsa. Na kuma so in gani ko maganata tana da sauran nauyi a wani wuri, tunda a waje an riga an sauke ta."

"Tana da shi, wallahi tana da shi."

"Ranar Asabar na je wurin kawunki. Na ce masa in wata ya cika ya aika a kira yaron, na ba shi ke. Na ce masa 'yata ta riƙe min alkawari, ni ma zan riƙe mata nawa. Har ya yi min dariya, ya ce na cika yabon Auta."

Ji na yi kamar an zare min ƙashin baya. Kwana tara. Ashe abin da nake kuka a kansa dare da rana yana ajiye a hannun kawu, an gama, jira kawai yake in iso.

Na kama ƙafarsa da hannu biyu.

"Baba, ka ƙara min wata uku. Ka ƙara min shida, shekara ma. Ka riƙe wayar, ka fasa kyamarar, in bar aikin in zauna a gabanka. Ka sake gwada ni sau ɗaya, Baba, don Allah, don darajar iyayenka."

"In gwada ki da me? In tambaye ki, ki ce muna nan?"

Na saki ƙafarsa.

"Wancan da ya kawo takardar, ba zan ba shi ke ba," ya ce. "Na ga yadda idonsa ke rawa yana miƙo min. Ban koya masa haka ba. Ki kwantar da hankalinki ta nan."

"To Dogo fa, Baba?"

"Ke ba yarinya ba ce. Kin yi karatu, gobe za ki riƙe aji da kanki. In shi kike so, ban hana ba, kawunki na nan. Amma ba da bakina ba, Auta. Bakina na riga na kai shi ranar Asabar, na yabe ki da shi, yanzu sai in je in karɓo abina."

"Ba zan iya aure ba da bakinka ba!"

"To kin ga ni ma ba zan iya ba da abin da ba ni da shi ba."

Ya ninke takardar a kan ninkin da Mataimaki ya yi, ya miƙo min. Na ƙi karɓa. Ya ajiye ta a ƙasa kusa da gwiwata.

A daidai lokacin na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba na Mataimaki ba ne. Wannan na Dogo ne, na san tarinsa tun daga kwana, ko cikin babura ɗari. Aka kashe inji. Sai sallama, da muryar mutumin da ya yi gudu, tana haki.

Tsakar gida ta yi tsit. Na ji Umma ta ce, "Innalillahi."

Aka sake sallama, a karo na biyu, da ƙarfi.

"Baba," na ce, "wallahi cewa na yi kar ya zo. Ga wayar, ka duba da idonka."

Ko kallon wayar bai yi ba. Ya mayar da tabaraunsa cikin gidansu, ya jawo rediyo kan cinyarsa yana laluben maɓalli.

"Baba, me zan ce masa? Ka faɗa min, duk abin da ka ce shi zan yi. In fita ko in zauna?"

"Da ke ake sallama, Malama," in ji Baba. "Ba sai kin tambaye ni ba."